Lambar Rukunin Sana'a: Abin da Ƙaramin Kamfanin Fasahar Tsaro Zai Sani Kafin Ya Nemi Kwangila

A watan Disamba na 2013 aka ƙaddamar da Gulma a Kaduna, jirgi maras matuƙi da injiniyoyin Rundunar Sojan Sama ta Najeriya suka haɗa. A watan Fabrairu na 2018 kuma, a Kadunan dai, aka fito da Tsaigumi, wanda aka ƙera don sintiri da leƙen asiri daga sama. Duka biyun sunayen Hausa ne, kuma bidiyoyinsu sun zaga wayoyin matasa da yawa. A watan Nuwamba na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar DICON, wato hukumar ƙera kayan tsaro da ke Kaduna tun 1964. Dokar ta ƙara wa hukumar iko a kan yadda ake ƙerawa, adanawa da rarraba kayan tsaro a ƙasar, ta kuma buɗe ƙofar aiki da kamfanoni masu zaman kansu.

Wannan ya sa matasa masu hannu a fasaha suka fara hango kansu a fagen. Akwai mai rubuta manhaja, akwai mai ɗaura kyamarar CCTV, akwai mai sa wa motoci da babura na'urar bin sawu, akwai mai tashin ƙaramin jirgi yana ɗaukar hoton gonaki. Irin waɗannan suna nan a Dutse, Kiyawa, Jahun da Miga, ba sai Legas ko Abuja ba.

Sai dai kafin a kai ga maganar kwangila, akwai wani ɗan gurbi a fom ɗin rajista da yawancin mutane ke cikewa cikin minti ɗaya, wasu ma mai shagon intanet suke bar wa ya zaɓa musu. Gurbin yana tambaya ne: wane irin aiki kamfanin nan yake yi? Amsar da aka bayar a nan ita ke bin kamfanin zuwa banki, zuwa ofishin haraji, zuwa teburin masu tantance takardun kwangila. Kuskure a wurin na iya sa a ajiye takardun kamfani gefe tun ba a duba farashinsa ba, ko kuma ya jawo masa neman lasisin da bai shafe shi ba.

Mece ce lambar rukunin sana'a?

Duk wanda ya taɓa ɗora manhaja a Play Store ya san sai an zaɓa mata rukuni: ilimi, kuɗi, lafiya, wasanni da sauransu. Idan manhajar koyon lissafi ta faɗa rukunin wasanni, masu neman ta ba za su gan ta inda suke dubawa ba. Haka gwamnatoci suke yi wa kamfanoni, sai dai su da lambobi suke amfani.

Uwar waɗannan tsare-tsare ita ce ISIC ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka fara amfani da ita a 1948. Bugu na huɗu, wanda ya fito a 2008, ya kasa duk wata sana'a ta duniya zuwa manyan sassa 21, daga harafin A zuwa U. A ƙarƙashinsu akwai rassa 88, rukunoni 238 da azuzuwa 419. Kowane aji yana da lamba mai alƙaluma huɗu, kuma ana karanta ta ne daga hagu zuwa dama kamar yadda ake buɗe folda cikin folda a kwamfuta.

A ɗauki 6201. Tana cikin sashen J, na bayanai da sadarwa. Alƙaluma biyun farko, 62, su ne reshen ayyukan manhaja da ba da shawara kan kwamfuta. Idan aka cike ta zama 6201, an iso ainihin aikin: rubuta manhaja bisa buƙatar wanda ya ba da aiki. Maƙwabciyarta 6202 ta masu tsara wa ma'aikata tsarin kwamfutocinta ne da kula da su. Wanda kuwa ya rubuta manhaja ɗaya yana sayar wa kowa da kowa, shi yana can 5820.

Najeriya ma da wannan ma'auni take aiki. Lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake lissafin girman tattalin arziki a 2014, bugu na huɗu na ISIC ta bi, kuma ɓangarorin da ake ƙirgawa suka tashi daga 33 zuwa 46. A shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, mai rajista yana zaɓar babban rukuni daga jerin da aka tanada, sannan ya bayyana ainihin aikin da zai yi. Wanda ya fahimci tsarin ISIC ba zai yi lalube a wurin ba, domin tambayar iri ɗaya ce.

Lamba aiki take bi, ba mai saye ba

Nan ne mafi yawan masu sha'awar harkar tsaro suke tuntuɓe. Mutum zai buɗe jerin yana neman inda aka rubuta ɗan kwangilar tsaro, sai ya rasa. Dalili kuwa shi ne babu irin wannan aji a ISIC. Tsarin bai damu da wanda ya sayi kaya ba, abin da hannun mutum ke yi yake dubawa. Telan da ke ɗinka wa sojoji kaki tela ne. Mai gidan burodin da ke kai burodi bariki mai burodi ne. Haka mai rubuta wa 'yan sanda manhajar adana bayanan ƙorafi: yana nan a 6201, tare da wanda ya rubuta wa asibiti ko makarantar Islamiyya.

Akwai aji mai suna ayyukan tsaron ƙasa, lamba 8422, kuma shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Wannan ajin na gwamnati ne: gudanar da rundunonin ƙasa, ruwa da sama da kula da su. Kamfanin mutum uku da ke haya a shago ba ya cikinsa, ko da kullum da sojoji yake ciniki.

Azuzuwan da suka shafi ƙera kayan yaƙi kai tsaye kaɗan ne. 2520 na ƙera makamai da harsasai ne. 3040 na motocin yaƙi ne, irin motar Ezugwu mai sulke da aka ƙaddamar a Kaduna a 2019. 3030 na ƙera jiragen sama ne. Kusa da su akwai 2630 na ƙera na'urorin sadarwa da 2651 na na'urorin awo da gano hanya. Kalmar da ta haɗa su duka ita ce ƙira. Wanda ya sayo jirgi maras matuƙi a kwali ya sayar ɗan kasuwa ne, wanda ya tashe shi ya ɗauki hoto mai ɗaukar hoto ne, ba ɗayansu da ya ƙera komai.

Idan kamfani yana yin ayyuka da yawa fa? Ƙa'idar ISIC ita ce a duba wanda ya fi samar da ƙima, shi ne babban aiki, sauran su biyo baya. Ga ƙaramin kamfani, hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe littafin ciniki na wata goma sha biyu da suka wuce, a ga wane aiki ne ya fi barin kuɗi bayan an cire abin da aka kashe wajen sayo kaya. Littafin ne zai ba da amsa, ba burin zuciya ba.

Misali daga Miga

Miga ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, tana cikin masarautar Dutse, kuma yanki ne na noma da ke fama da ambaliya a shekarun da ruwa ya yi yawa. A ɗauka wasu samari uku a garin sun haɗa kai za su kafa kamfani. Na farko ya koyi rubuta manhaja ta waya da YouTube. Na biyu ya yi shekaru yana ɗaura sola da kyamarori bayan ya koyi gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano. Na uku yana da ƙaramin jirgi mai kyamara, yana ɗaukar hoton biki da na fadamu. Burinsu wata rana su yi wa jami'an tsaro aiki, don haka ransu ya fi kwanta wa duk wani rukuni da ke da kalmar tsaro a ciki.

Ga yadda ISIC za ta raba su.

Mai ɗaura kyamara, idan yana ɗaurawa ne ya karɓi kuɗinsa ya tafi, aikinsa na cikin 4321, wato haɗa kayan lantarki a gine-gine. Idan kuwa bayan ya ɗaura yana zaune a wani ɗaki yana sa ido a kan na'urorin ƙararrawa dare da rana, ana biyansa duk wata, ya koma 8020, hidimar na'urorin tsaro. Idan sayarwa kawai yake yi a shago, ba ɗaurawa ba sa ido, to ɗan kasuwa ne, reshensa 47. Kyamara ɗaya, lamba uku, kuma abin da ya bambanta su shi ne me mutum yake yi bayan an buɗe kwali.

Mai jirgi, idan hoto da bidiyo yake miƙawa, yana 7420, aikin ɗaukar hoto, wanda ya haɗa da na sama. Idan kuwa taswira yake fitarwa mai nuna iyakar gonaki ko hanyar da ruwa ke bi ya shiga gari, ya taka 7110, fagen injiniyoyi da masu safiyo. Mai manhaja yana 6201, kuma idan suna ajiye wa mutane bayanai a kan sabarsu, 6311 ta shigo.

Yanzu a ce cikin kowace naira ɗari da ta rage musu a bara, sittin daga ɗaura sola da kyamara ta fito, talatin daga manhaja, goma daga jirgi. Babban aikinsu 4321 ne, ko da sunan bai yi musu daɗin ji ba. Manhaja da ɗaukar hoto su shiga a matsayin ƙarin ayyuka. Ranar da manhaja ta rinjayi sauran, sai a je a gyara.

Wani zai ce wannan ai rage wa kai daraja ne. Akasin haka ne. Ofishin 'yan sanda na yanki, shingen kan iyaka irin na Maigatari da gidan gyaran hali duk suna buƙatar wuta, batir, kyamara da intanet. Idan aka tallata irin wannan aiki, kamfanin da takardunsa suka nuna shekara uku yana ɗaura sola da kyamara ya fi wanda ya rubuta ƙera jirage amma ba shi da ko rasit ɗaya na aikin da ya gama. Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kowane rukuni da hukumar da ke jiran sa

Abin da ya sa zaɓin yake da nauyi a Najeriya shi ne kusan kowane aiki da ya kusanci tsaro yana da hukumar da ke riƙe da ƙofarsa. Takardar CAC shaida ce cewa kamfani ya wanzu. Ba lasisin aiki ba ce.

Aji na 8010 shi ne na masu gadi masu zaman kansu. Dokar Kamfanonin Gadi ta 1986 ce ke tafiyar da shi, kuma hukumar Sibil Difens, wato NSCDC, ke sa ido a kansu. Dole ya zama cikakken kamfani mallakin 'yan Najeriya, sunan kasuwanci kawai bai isa ba. CAC tana neman jarin rajista na aƙalla naira miliyan 10 ga irin wannan kamfani, alhali kamfani na yau da kullum yana iya farawa da naira dubu 100 a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Masu gadin kuma doka ba ta ba su damar riƙe bindiga ba. Saboda haka mai manhaja da ya sa aikin gadi cikin manufofin kamfaninsa don kawai kalmar ta burge shi, ya ɗauko wa kansa kayan da ba nasa ba.

Jirgi maras matuƙi kuwa hukuma biyu ke kansa. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta hana tashinsa ba tare da izininta da amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. Wannan ofishi ne kuma ke bayar da takardar EUC, wadda ke nuna wanda zai yi amfani da kaya a ƙarshe, kuma ana neman ta kafin a shigo da kayan da aka sa wa ido, irin su jirage marasa matuƙa da rigunan sulke.

Na'urorin sadarwa na hannun NCC. Ita ke amincewa da nau'in na'ura kafin a sayar, ita ke raba zangon rediyo ga harkokin sadarwa na kasuwanci, kuma tana da lasisi na musamman ga masu hidimar bin sawun motoci. Aikin injiniya na ƙarƙashin COREN, safiyo na ƙarƙashin SURCON, kuma CAC takan nemi shaidar ƙwarewa kafin ta amince da sana'o'i irin waɗannan. Tallace-tallacen kwangilar kwamfuta na gwamnatin tarayya sukan nemi shaidar rajista da NITDA da kuma CPN, majalisar ƙwararrun kwamfuta da aka kafa a 1993. Duk manhajar da ke tara sunaye, hotuna ko zanen yatsun mutane kuma tana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023.

Makamai da harsasai su ne jan layi. Ƙera bindiga ba izini laifi ne mai kai mutum kurkuku, kuma babu wata lamba ko takardar CAC da za ta wanke shi.

Inda takardun ke zuwa: Dutse da Abuja

Ga kamfanin da ke Miga, ƙofar farko tana Dutse. Hukumar Tantance Ayyukan Kwangila ta Jihar Jigawa ita ke yi wa 'yan kwangilar jiha rajista, kuma ita ke duba cewa an bi ƙa'ida wajen bayar da aiki. Ƙananan ayyuka na jiha da na ƙaramar hukuma su ne ke gina wa kamfani tarihi: takardar ba da aiki, takardar kammalawa, shaidar biya ta banki. Ya kamata dukansu su dace da rukunin da kamfanin ya ce nasa ne.

A matakin tarayya, Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ce ta kafa hukumar BPP, wadda ke da rumbun bayanan 'yan kwangila, masu ba da shawara da masu hidima. Kamfani yana shiga ya bayyana fannin da yake aiki, a ba shi takardar wucin gadi da ake kira IRR, wadda ake haɗawa da takardun neman aiki. Tare da ita akan nemi takardar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun PenCom, ITF da NSITF gwargwadon yawan ma'aikatan kamfani. Ana raba tallan kwangila zuwa kaya, gine-gine da hidima, kuma kowane kaso da sharuɗɗansa. Wanda ya yi rajista a matsayin mai kawo kaya sannan ya nemi aikin rubuta manhaja, ya ba mai tantancewa dalilin tsallake shi.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da wannan doka. Yadda aka fara zartar da ita a 2007, sashe na 15 ya ce ba ta shafi sayen kayayyaki na musamman da suka danganci tsaron ƙasa ba, sai da amincewar Shugaban Ƙasa. Manyan kayan yaƙi dai ba a cika ganin tallarsu a jarida ba. Abin da ƙaramin kamfani zai fi gani shi ne ayyukan yau da kullum na hukumomin tsaro, kamar kwamfutoci, sola, intanet, gyara da horarwa, ko kuma aiki a ƙarƙashin wani babban kamfani da ya riga ya samu kwangilar. Shi ma babban kamfanin takardu zai duba kafin ya miƙa aiki.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta sassauta abubuwa biyu: mutum ɗaya na iya kafa kamfani shi kaɗai, kuma manufofin kamfani ba su da iyaka sai idan kundinsa ya taƙaita su. Amma wannan bai hana banki ko kwamitin kwangila karanta kundin don ganin ko aikin da ake nema yana ciki ba. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 da mai lamba 5 na 2018 sun ce a fifita kayan gida da ƙwararrun gida. Fifikon na wanda ya iya nuna cewa shi ke yin aikin ne, ba wanda ya ambace shi a takarda kawai ba.

Lambobin waje da ake rikitawa da ita

Akwai wasu lambobi uku da mai wannan harka zai ci karo da su, kuma kowace da aikinta.

Ta farko ita ce HS, ta kwastan. Ita kaya take siffantawa, ba kamfani ba. Alƙaluma shida na farko iri ɗaya ne a faɗin duniya, ƙasashen ECOWAS kuma suna ƙara huɗu su zama goma. Wayoyi na ƙarƙashin 8517, batura 8507, kyamarori 8525, makamai kuma babi na 93. Tun watan Janairu na 2022 jirage marasa matuƙa suka samu nasu gurbin, 8806. Wanda ya sa wa jirgi lambar abin wasan yara don ya rage haraji ko ya kauce wa EUC, yana wasa ne da kayansa da kuma 'yancinsa.

Ta biyu ita ce UNSPSC, mai alƙaluma takwas, wadda ake amfani da ita a shafin UNGM inda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke neman masu kawo musu kaya. Ita ma abin sayarwa take rarrabawa, shi ya sa a cikinta akwai ɓangaren tsaro: 46 na kayan tsaro da kariya, 92 na hidimar tsaro, 43 na kwamfuta da sadarwa, 81 na hidimar injiniya da fasaha. A nan ana iya zaɓar lambobi da yawa, kuma da su ake gano kamfani idan ana neman mai wani kaya. Wanda ya zaɓi ɗari don kwaɗayi zai cika da sanarwar da ba ta shafe shi ba, har ta rufe wadda ta dace da shi.

Ta uku ita ce NAICS, wadda Amurka, Kanada da Meziko suka fara amfani da ita a 1997, ana kuma sabunta ta duk shekara biyar. A Amurka alƙalumanta shida ne, kuma can ne aka fi ganin tasirin lamba ƙarara, domin ita ke yanke hukuncin ko kamfani ƙarami ne ko babba. A ma'aunin 2023 na hukumar ƙananan kamfanoni ta ƙasar, mai rubuta manhaja, 541511, ƙarami ne idan matsakaicin cinikinsa na shekara bai wuce dala miliyan 34 ba. Mai aikin injiniya, 541330, iyakarsa dala miliyan 25.5, amma idan aikin na kayan soja ne sai ta tashi zuwa miliyan 47. Mai ƙera jirgi, 336411, ba da kuɗi ake auna shi ba, da ma'aikata ne, har 1,500. Gwamnatin Amurka ta ɗora wa kanta burin ba ƙananan kamfanoni kashi 23 cikin ɗari na kuɗin kwangilolinta, don haka lamba ɗaya na iya shigar da kamfani cikin rabon ko ta fitar da shi. Jami'in kwangila ne ke sa wa kowane aiki lambarsa, kuma wanda bai yarda ba yana da kwana 10 ya ɗaukaka ƙara.

Wancan rabon na kamfanonin da ke da mazauni a Amurka ne. Kamfanin Najeriya zai haɗu da NAICS ne idan yana son yi wa ofishin jakadancin Amurka ko wata hukumarta aiki: zai nemi lambar NCAGE mai harafi da alƙaluma biyar, sannan ya yi rajista a shafin SAM.gov, inda zai zaɓi lambobinsa. Duka biyun kyauta ne, don haka a yi hattara da masu neman kuɗi a WhatsApp da sunan su ne hanyar samun lambar.

Matakai kafin a danna maɓallin aikawa

Na farko, a rubuta jimla ɗaya da ke faɗin abin da kamfani ke yi, ba tare da ambaton mai saye ba. Idan jimlar ba ta tsaya da ƙafarta ba sai an sa kalmar soja ko tsaro, to har yanzu ba a gano aikin ba.

Na biyu, a duba aikatau ɗin da ke cikin jimlar: ƙerawa, sayarwa, ɗaurawa, gyarawa, rubutawa ko sa ido. Shi ke nuna sashen da za a shiga.

Na uku, a sauke littafin ISIC daga shafin Majalisar Ɗinkin Duniya, kyauta ne kuma waya na buɗe shi. A ƙarƙashin yawancin azuzuwan akwai jerin abin da ajin ya ƙunsa da jerin abin da bai ƙunsa ba. Na biyun ya fi amfani, domin shi ke nuna wa mutum lambar da ya kamata ya koma.

Na huɗu, a tattara tallace-tallacen kwangila guda biyar ko goma na irin aikin da ake fata, a ga takardun da suke nema. Duk lasisin da ya maimaitu a cikinsu, shi ne abin nema na gaba.

Na biyar, a taƙaita. Babban aiki ɗaya da ƙarin biyu ko uku masu dangantaka da shi sun isa. Kundin da ya haɗa ƙera jirage da sayar da taki da jigilar alhazai ba ya nuna ƙwarewa, taura biyu ma ba ta taunuwa balle goma.

Na shida, a tabbata bakin takardu ya zo ɗaya: abin da ke CAC, da na ofishin haraji, da na banki, da na BPP, da abin da aka rubuta a shafin kamfani na Facebook. Mai tantancewa yana da waya shi ma.

Na bakwai, kada a bar wa mai shagon intanet zaɓin. Ana iya gyara manufofin kamfani daga baya, amma sai masu hannun jari sun zartar da ƙuduri na musamman, an shigar da shi a CAC, an biya kuɗi, an jira. Wa'adin miƙa takardun kwangila kuwa ba ya jiran kowa. Idan aikin ya taɓa gadi, jirage, zangon rediyo ko wani abu mai kama da makami, kuɗin ganin lauya ko wakilin da CAC ta amince da shi ya fi asarar da za ta biyo baya sauƙi.

A ƙarshe, duk shekara idan lokacin miƙa rahoton kamfani ga CAC ya yi, a sake buɗe littafin ciniki a yi tambayar farko: wane aiki ne ya ciyar da kamfanin bana? Idan amsar ta canza, takardu su bi ta.